Amsa ga mai tambayar ko hawan doki kullum ya yi yawa

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka tun daren jiya, sai na bari gari ya waye in sami natsuwa, don amsarta ba ta layi biyu ba ce. Ka ce wata 3 ke nan da ka sayi doki, mai shi ya ce maka shekararsa 4, kuma kullum bayan la'asar kana hawansa daga gida zuwa fadamar Rima ka dawo, kamar awa ɗaya. Wasu abokanka na cewa kashe shi za ka yi, wasu kuma na cewa dokin da ba a hawa kullum sangarcewa yake yi. Kana son sanin kwana nawa ya kamata ya huta a mako.

Fitar da doki kullum ba laifi ba ne, alheri ne ma a gare shi. Sukuwa kullum kuwa laifi ce babba, balle ga ɗan shekara 4. Ka ba shi kwana ɗaya a mako da sirdi ba zai taɓa bayansa ba, kuma kada aikin ƙarfi ya wuce kwana 2 a mako. To amma abin da ba ka faɗa ba shi ne ya fi muhimmanci: me kake yi a cikin awar nan? Awa ɗaya ta taku da ɗan sassarfa daban take da awa ɗaya da aka cika ta da tsere da samarin unguwa. Mutum biyu za su ce maka "kullum nake hawa", dokin ɗaya yana sheƙi, na ɗayan kuwa ka ga haƙarƙari.

Ni a bargar kawuna na tashi, nan cikin garin Sakkwato. Tun ban kai tsawon likkafa ba nake kwasar kashin doki da ɗauko harawa. Allah ya jiƙan tsohon, bai taɓa shiga aji ba, amma da ya hango doki na tahowa daga nesa zai gaya maka ƙafar da ke damunsa. Kullum da safe in na ɗauko sirdi da rawar jiki sai ya ce, "Yaro, taɓa ƙahwatai kahin ka taɓa sirdi. Kai in ka gaji kakan hwaɗi, shi ko ba shi da bakin hwaɗi." A lokacin ina ganin ɓata mini lokaci kawai yake yi. Sai da na mallaki nawa, na yi ɓarna da hannuna har sau biyu, sannan maganar ta zauna mini.

Ɓarnar farko ita ce wadda nake jiye maka. Wani akawal ne, kusan sa'an naka, mai zafin nama, ko kaimi ba ya buƙata. Kullum da yamma sai na sake masa linzami a wata miƙaƙƙiyar hanya mai tsandauri, kuma kullum sai in ga ya ƙara ƙarfi, numfashinsa ya ƙara tsawo, ba ya haki kamar farko. Ni kuwa sai murna, ina cewa doki ya horu. Ashe a nan tarkon yake. Zuciyar doki da tsokarsa suna saurin karɓar horo, cikin 'yan makonni za ka ga canji. Jijiyoyin ƙafa da ƙashi kuwa watanni suke ɗauka kafin su kamo. Sai ya zama dokin yana da ƙarfin gudun da ƙafarsa ba ta kai ga ɗauka ba tukuna, kuma shi da kansa yake neman gudun. Wata safiya na tarar da bayan ƙwaurinsa na gaba ya kumbura, da zafi kamar an ɗora garwashi, yana ɗingishi. Jijiyar ta samu rauni. Irin wannan rauni kan ci wata 9 zuwa shekara kafin ya warke, kuma sau da yawa wurin ba ya komawa daidai. Nawa bai ƙara yin gudun da ya saba ba, sai dai hawan ado. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kwana da kwanaki kafin nan wurin yana ɗan ɗumi, da na shafa da na ji. Ban shafa ba.

Game da shekarunsa kuma, kada ka tsaya ga maganar mai sayarwa kawai. Ka sami wanda ya san haƙori ya buɗe bakin ya duba. A kasuwa, ko nan Kara ko Illela, ɗan shekara 3 kan zama ɗan 4 a bakin dillali. Doki ba ya gama cika haƙoran girma na gaba sai wajen shekara 5, ƙasusuwan gadon bayansa kuwa su ne na ƙarshen ƙosawa, sai shekara 5 zuwa 6. Ke nan naka, ko da 4 ɗin ne da gaske, bai gama girma ba. Tsayinsa ne ke ruɗar mutane.

Ka kuma yi lissafin nauyi. Abin da masana suka tsayar shi ne kada abin da ke bayan doki, kai da sirdi da komai, ya wuce kashi 20 cikin 100 na nauyinsa. Dawakinmu 'yan Arewa ba ƙatta ba ne, da yawansu kilo 300 ne zuwa 350, ka ga kashi 20 ɗin bai wuce kilo 60 zuwa 70 ba. Sirdinmu na gargajiya kuma ba sauƙi gare shi ba, balle in an jibga masa jalala da kayan ado. In kai ƙato ne, masha Allahu, to sai ka rage tsawon hawan, don ba za ka rage kanka a kwana ɗaya ba.

Yanzu ɓarna ta biyu, wadda ita ce ta sa na ce amsar ba ta layi biyu ba ce. Bayan abin da ya sami akawal ɗin nan sai na koma ɗaya gefen, na zama mai tausayin doki fiye da kima. Na sami wani kili, na yi ta horar da shi don hawan Sallah ƙarama, ya yi kyau sosai. Saura kwana 4 Sallah sai na ce bari in hutar da shi ya tara ƙarfi. Na ɗaure shi a turke kwana 3 cur, ko ƙofar gida bai leƙa ba, kuma ban rage masa gero ba, sai ma ƙari da na yi wai don ya yi sheƙi. Ranar jajibiri na ɗaura sirdi in ɗan zaga da shi. Ba mu yi tafiyar minti 15 ba ya fara gumi kamar an watsa masa ruwa, takunsa ya gajarce, can sai ya ƙame wuri ɗaya. Na sauka na taɓa kuturinsa, na ji shi kamar katako, jikinsa na rawa. Da ya yi fitsari daga baya sai ya fito baƙi-baƙi kamar ruwan shayin da ya daɗe a wuta. Likitan dabbobin da ya zo ya ce mini tsokar ce ta ɗaure, kuma abin da ya fita a fitsarin daga tsokar da ta lalace yake, in ya yi yawa har ƙoda yake taɓawa. Shi ne ya ba ni labarin cewa Turawa "ciwon safiyar Litinin" suke ce masa, tun zamanin da dawaki ke jan keken kaya a Ingila: a hutar da su ranar Lahadi a ci gaba da cika musu hatsi, Litinin da safe a fito aiki sai su ƙame a hanya. Wannan Sallar a ƙasa na yi ta, ina tsaye gefen hanyar Fakon Idi ina kallon tawagar Sarkin Musulmi na wucewa kamar baƙon da bai taɓa riƙe linzami ba.

In hakan ta taɓa samunka, kada ka tilasta masa tafiya, kada ka doke shi. Ka sauke sirdi, ka bar shi inda ya tsaya ko ka kai shi inuwa mafi kusa, ka ba shi ruwa, ka kira likita. Muna cikin gari mai sa'a ta wannan fannin, don Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da tsangayar likitancin dabbobi da asibitinta na koyarwa.

To ka ga inda matsalar take a wajenmu. In Bature ya ce ya ba dokinsa hutu, sakin sa ya yi a fili mai shinge, yana yawo yana kiwo yana birgima. Mu kuwa in mun ce hutu, turke muke nufi, da igiya kamu uku, wani ma har da dabaibayi. Doki kuwa ba a halicce shi don tsayuwa ba. In aka bar shi a sake yakan yi awa 14 zuwa 16 a rana yana kiwo, yana takawa a hankali, kuma wannan takun ne ke taimakon jini ya zaga ƙafafunsa, hanjinsa ma ya yi aiki. Shi ya sa dokin da ya daɗe a ɗaure za ka ga ƙafafun baya sun cika kamar an hura, da an zaga da shi sai su saɓe. Shi ya sa kuma ciwon ciki ya fi kama dokin da ke tsaye yana cin hatsi. Abokanka masu cewa dokin da ba a fitarwa lalacewa yake yi ba su yi ƙarya ba, sun dai ɗauka fitarwa da hawa abu ɗaya ne.

Ga yadda nake yi yanzu. Juma'a ce ranar da babu sirdi, don dama ni ma ranar ba ni da sukuni. Tun daren Alhamis nake rage hatsi zuwa rabi, wani lokaci in janye shi gaba ɗaya in bar ɗan dusa, amma harawa da ciyawa ba na ragewa, ruwa kuma yana gabansa. Da safe yaro ya ja shi da ragama minti 20 zuwa 30, in da hali a kai shi inda akwai yashi ya yi birgima, a ɗaure shi da talala mai tsawo ya ɗan ci ƙasa-ƙasa. Ranar ce kuma nake wanke shi, in tsefe geza, in cire kaska, in duba kofato. Asabar ba na fara da gudu, kilisa ce mai sauƙi. Sauran kwanakin ina cakuɗa su: in yau an yi aikin da ya jiƙa shi da gumi, gobe taku ne kawai na minti 30 zuwa 40. Ba na haɗa ranakun wahala biyu a jere. Rana ɗaya kuma tafiya mai nisa a hankali ta cikin gonaki, wadda a ganina ta fi kowace sukuwa gina doki, sai dai samari ba su sonta don ba mai tafa musu. Ko ranar gudun ma, minti 10 na farko taku ne, minti 10 na ƙarshe ma taku, ba a shigo da doki gida yana haki.

Kada kuma ka ji tsoron cewa hutun kwana ɗaya ko biyu zai zubar da horon da ka yi masa. Doki ya fi mutum riƙe ƙarfinsa, sai ya yi makonni ba aiki kafin ka ga ya ragu sosai. A lokacin hutun ne ma jiki ke gyara ƙananan raunukan da aiki ya bari.

Wannan bambanci tsakanin horarren doki da wanda ba a horar ba tsoho ne. A hadisin Abdullahi ɗan Umar da ke cikin Buhari da Muslim, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa an yi tsere a Madina da dawakin da aka horar daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada, waɗanda ba a horar ba kuwa daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. Na farkon mil 5 ne ko 6, na biyun kamar mil ɗaya. Kowane da gwargwadon abin da jikinsa ya shirya wa. Akwai kuma hani a Abu Dawuda kan mayar da bayan dabba mumbari, wanda nakan tuna da shi duk lokacin da na ga matashi ya tsaya a majalisa yana hira rabin awa a kan sirdi, alhali ga ƙasa nan.

Kalanda dai ba ta san dokinka ba, don haka ka koyi tambayarsa da kanka. Kowace safiya ka bi ƙafafunsa huɗu da tafin hannu daga gwiwa zuwa kofato, ka gwada dama da hagu. Wuri ɗaya ya fi ɗan'uwansa ɗumi ko kauri, ranar babu hawa, ko da Sallah ce. Ka danna gadon bayansa da yatsu inda sirdi ke zama, in ya lanƙwashe ko ya kwantar da kunne yana neman cizo, akwai ciwo. Farin gashin da kake gani tabo-tabo a bayan wasu dawaki ba ado ba ne, tsohon ciwon sirdi ne. Ka duba ko ya cinye abincin dare, ka duba kashinsa. Dokin da a da yake haniniya in ya gan ka da sirdi, yanzu kuma yake juya maka baya, ya ba ka amsa.

Sannan ka koyi ƙirga bugun jijiya. Ka sa yatsu a ƙarƙashin muƙamuƙinsa ta ciki, akwai jijiya kamar igiya da ke ratsa ƙashin, ka ƙirga na daƙiƙa 15 ka ninka sau 4. Lafiyayyen doki da ke hutawa yana tsakanin 28 zuwa 44 a minti, numfashi kuma 8 zuwa 16. Ka san na dokinka tun yana lafiya. Masu gasar tafiya mai nisa a ƙasashen waje, wadda ake yin kilomita 160 a rana ɗaya, ba a barin doki ya ci gaba sai bugunsa ya sauko 64 cikin ɗan lokacin da aka ƙayyade a kowane zango. Kai ma ka ari wannan. In ka sauka ka yi minti 15 zuwa 20 bugun bai sauko kusa da 60 ba, aikin ranar ya fi ƙarfinsa, gobe sai a sassauta.

Sai maganar garinmu da zafinsa. Bayan la'asar a watan Disamba ko Janairu lokaci ne mai daɗi, sai dai ƙura. Amma daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ƙarfe 4 da rabi ƙasa ba ta huce ba, iska ma zafi take hurawa. A bazara ni bayan sallar asuba nake fita, in kuwa ba hali sai dab da magariba, kuma ranakun wahala su koma ɗaya. Doki a yanayi mai sauƙi yana shan lita 25 zuwa 40 a rana, a bazararmu in yana aiki sai ya kusa ninkawa, ka ga bokiti ɗaya da safe ɗaya da yamma bai isa ba. Guminsa kuma gishiri ne da shi sosai, shi ne farin da ke bushewa a jikinsa, don haka kada ya rasa gishirin lasa. Kanwa da muka gada a ba shi kaɗan, ba ta maye gurbin gishiri. A nan ne kawai na saɓa wa kawu: shi ba ya barin doki mai gumi ya sha ruwa sai ya huce sarai. Ni yanzu ina ba shi da zarar mun dawo, ina kuma kwara masa ruwa a wuya da ƙirji da tsakanin cinyoyi har ya huce, likitoci ma haka suke cewa a yi. Abin da ke jira shi ne hatsi, sai numfashi ya daidaita, kamar bayan awa ɗaya. Haka kuma ba a cika masa ciki da gero sannan a ɗaura sirdi nan take.

Ka kula da ƙasar da kake gudu a kai. Fadama in ta bushe, sawun shanun da suka taka laka da damina yakan ƙame ya zama ramuka masu kaifi, ƙafa ɗaya ta faɗa shi ke nan. Yashi mai zurfi na bakin gulbi yana da daɗin kallo amma yana jan jijiya, a yi taku a cikinsa. Kwalta kuwa, da yake yawancin dawakinmu ba takalmin ƙarfe gare su ba, tana cinye kofato, ga santsi. In an roƙe ka aron doki don hawan angwanci, ka san abin da za a yi da shi ke nan, zamiya a kan titi a hannun wanda ba shi ya saya ba. Ni na daina bayarwa, an yi fushi an gaji. In ka ba da, washegari da jibi ka lissafa su hutu.

Abu ɗaya da zan roƙe ka kada ka yi: in ya fara ɗingishi wani zai ce maka ga allurar kashe zafi, a yi masa yau gobe ka hau. Zafin zai tafi, raunin yana nan, kuma ka cire abin da ke hana shi ɗora nauyi a kan ƙafar. Dawaki da yawa a nan aka ƙarasa su.

In kana da niyyar fita da shi hawan Sallah, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka fara shiri mako 6 zuwa 8 kafin nan, kana ƙara tsawon tafiya kaɗan-kaɗan, wasu ranakun da cikakken kayan da zai sa don bayansa ya saba da nauyin, kunnensa kuma ya saba da ƙarar su. Makon ƙarshe a rage aiki amma a ci gaba da fita kullum, kada ka yi irin tawa.

Ka dawo ka gaya mana mudu nawa na hatsi yake ci a rana, da ko a turke yake kwana ko yana da ɗan fili, da kuma minti nawa ne na gudu a cikin awar taka. In kana kusa kuma, ka jawo shi wata Juma'a da safe ba sirdi, in buɗe bakin in ga ko 4 ɗin gaskiya ce.